Na'urar Gashi da Ƙagewar Kafaɗa: Amsa ga Wani Ɗan Kasuwar Mile 12

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ina zaune a Agege, shekaruna 54, kuma ina da ciwon suga. Wata biyar ke nan kafaɗata ta dama ta ƙage: ba na iya ɗaga hannu ya wuce kunne, ba na iya kai shi bayana, babbar riga sai iyali sun taimaka mini nake sakawa, da dare kuma zogi ke hana ni barci. An yi hoton ƙashi ba a ga karaya ba, sai likita ya tura ni gashi. A wani asibiti mai zaman kansa na biya kuɗin zuwa goma, na yi shida. Kullum sai a shafa mini wani mai mai sanyi, a goga wani ƙarfe a kafaɗar na minti biyar, a ce na'urar altrasawun ce, a sallame ni. Ba na jin zafi, ba na jin motsi, kuma ban ga sauƙi ba. Ƙanena ya ce cutata ake yi, in je wurin mai ɗori ya ja hannun. Wani abokina ya ce irin wannan na'ura tana jawo ciwon daji. Ɗana kuma ya ga irinta a intanet, yana so ya saya mini in riƙa yi a gida. Me take yi a jiki, kuma shawarar wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, sannu da jiki, Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Bari in fara faɗa maka inda na dosa kafin bayani ya yi tsawo. Na'urar da ake goga maka kayan asibiti ce ta gaske, tana da aikin da take yi a cikin nama, kuma ba ta jawo ciwon daji. Sai dai aikin nata na share fage ne, kuma idan har abin da ake yi maka a kowane zuwa bai wuce wannan gogawa ta minti biyar ba, to ƙaramin ɓangaren jinyar ake ba ka, an bar babban.

Abin da ke fitowa daga kan ƙarfen nan sauti ne, ba wutar lantarki ba. Sauti kuwa girgiza ce da ke tafiya cikin iska ko ruwa ko nama, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da babbar lasifika a wurin taro ya ji ƙirjinsa yana rawa, ya riga ya san cewa sauti yana motsa jiki. Kunnen ɗan Adam yana jin girgizar da ta kama daga sau 20 zuwa kimanin sau 20,000 a sakan ɗaya, wadda ta haura haka kuwa ba ya jin ta. Na'urar gashi tana girgiza sau miliyan 1 ko miliyan 3 a sakan, wato megahaz 1 ko megahaz 3, shi ya sa take aiki shiru. A cikin kan nata akwai wani ɗan faifai da yake kumbura yana tsukewa idan aka ba shi lantarki. Wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, su suka gano a 1880 cewa akwai duwatsun da ke fitar da lantarki idan aka matse su, shekara guda bayan haka kuma suka tabbatar da cewa duwatsun suna motsawa idan aka ba su lantarki. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya wani masani Bafaranshe, Paul Langevin, ya yi amfani da wannan ilimi wajen neman jiragen da ke tafiya a ƙarƙashin teku, aka kuma lura cewa ƙananan kifayen da suka faɗa tsakiyar sautin suna mutuwa. Ƙarfin da ake amfani da shi a asibiti bai kai ko kusa da wancan ba, amma tun daga lokacin aka san cewa wannan sauti yana taɓa nama mai rai, kuma zuwa shekarun 1950 ya zama kayan aikin yau da kullum a sassan gashi.

Sikanin da ake yi wa masu juna biyu danginta ne, domin shi ma da sauti yake aiki, amma manufarsu ta bambanta: shi yana aika sauti kaɗan ne ya saurari amsa-kuwwarsa ya zana hoto, ita kuwa tana zuba sautin a wuri guda na tsawon mintuna domin nama ya shanye shi. Abokinka ya haɗa ta ne da hoton ƙashi da kuma hasken da ake ƙona ciwon daji da shi. Waɗancan haskoki suna iya lalata ƙwayoyin gado na jiki idan suka yi yawa, shi ya sa ake ƙayyade su, amma sauti ba ya cikin wannan rukuni, ba ya taruwa a jiki, kuma da zarar an kashe na'urar babu abin da ya rage sai ɗan ɗumi da zai huce. Abin da yake gaskiya shi ne ba a ɗora ta a inda aka riga aka san akwai ciwon daji, don gudun kada ɗumi da ƙarin gudun jini su taimaka masa, kuma ina zaton a nan ne maganar ta juye a bakin mutane. Shi kuwa man nan mai sanyi ba magani ba ne. Jel ne wanda mafi yawansa ruwa ne, aikinsa ya kori iska daga tsakanin ƙarfe da fata, saboda ko siririyar iska ce ta shiga tsakani, fiye da kashi 99 cikin 100 na sautin zai koma baya.

Idan sautin ya shiga, aikinsa na farko shi ne ɗumamawa. Yana ratsa nama da gudun kimanin mita 1,540 a sakan, yana matse ƙwayoyin naman yana sakin su, kuma duk inda ya bi wani ɓangare na ƙarfinsa yana komawa zafi. Ba kowane nama ne yake shanye shi daidai da ɗan'uwansa ba. Jini da kitse suna barin mafi yawansa ya wuce, tsoka tana ɗiban matsakaici, amma jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da waɗanda ke ɗaure ƙashi da ƙashi, da tabon rauni, da tantanin da ya lulluɓe gaɓa, duk suna shanye shi sosai, domin suna cike da wani furotin mai zare-zare da ake kira kolajin. Wannan ne ya bambanta na'urar da tawul mai zafi ko robar ruwan zafi, waɗanda ɗuminsu ba ya wuce santimita 1 zuwa 2 daga fata. Megahaz 3 yana ƙarewa ne a santimita 2 da wani abu na sama, saboda haka ya dace da gwiwar hannu ko idon sawu, megahaz 1 kuwa yana kaiwa kimanin santimita 5, kuma shi ake zaɓa idan abin da ake nema yana ƙarƙashin tsoka mai kauri, kamar tantanin gaɓar kafaɗa.

Amfanin ɗumin ya danganta da yawansa. A wannan fanni ana koyar da cewa ƙarin digiri 1 a kan zafin jiki yana ɗan hanzarta aikin ƙwayoyin nama, digiri 2 zuwa 3 yana ƙara gudun jini ya sassauta ɗaurewar tsoka ya rage zogi, amma sai an kai kimanin digiri 4 kafin kolajin ya yi laushin da zai miƙu idan aka ja shi. Wannan na ƙarshen shi ne abin da mai ƙagaggiyar kafaɗa yake nema, kuma ba ya samuwa cikin gaggawa. A 1995 wani mai bincike a Amurka, David Draper, da abokan aikinsa suka soka siririn ma'aunin zafi a cikin tsokar sha-raɓar mutane, suka auna yadda take ɗumama a ƙarƙashin na'urar. Da megahaz 1, a ƙarfin wat 1.5 a kan kowane murabba'in santimita, zafin ya riƙa ƙaruwa da kimanin sulusin digiri a minti ɗaya, kuma hakan a ɗan fili ne da bai wuce ninki 2 na faɗin kan na'urar ba. Kai ɗan kasuwa ne, lissafin ba zai ba ka wahala ba: digiri 4 yana bukatar minti 12 ko fiye, minti 5 kuwa ba zai ba da ko digiri 2 ba, balle idan an yi ta yawo da ƙarfen daga gindin wuya har dantse, inda kowane wuri zai huce kafin a dawo kansa.

Akwai hanya ta biyu ta kunna na'urar, inda sautin yake fitowa a gutsure, sau da yawa kashi 1 aiki kashi 4 hutu. A nan zafi ba ya taruwa, girgizar kanta ake nema. Ita ce take sa ƙananan kumfan iska da ke cikin ruwan jiki su riƙa kumbura suna tsukewa, ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin nama ya riƙa gudana, kuma a ɗakin gwaji an ga hakan yana sauya yadda sinadarai irin su kalsiyam suke shiga ƙwayoyin, yana zaburar da waɗanda ke saƙa sabon nama. Ana zaɓen wannan hanya ga sabon rauni mai kumburi, wanda zafi zai ƙara tsananta shi. Mafi yawan wannan ilimi daga kwalaben gwaji da jikin dabbobi aka samo shi, kuma tabbatar da amfaninsa a jikin majinyaci ya yi wuya.

Saboda haka rashin jin komai ba hujja ba ce ta cewa ana cutar ka. Idan a gutsure aka kunna ta, daidai ne kada ka ji komai. Idan a ɗore aka kunna ta da niyyar ɗumamawa, ya kamata bayan wasu mintuna ka ji ɗan ɗumi mai daɗi, in kuwa ba ka ji ba, to ko ƙarfin ya yi kaɗan, ko filin ya yi faɗi, ko lokacin ya gaza, ko kuma na'urar ba ta fitar da abin da allonta yake nunawa, matsalar da aka sha ganowa a na'urorin da ba a auna su a kai a kai. Akwai gwaji mai sauƙi da ma'aikata suka sani, na ɗiga ruwa a kan ƙarfen a kunna a ga ko ruwan zai yi rawa. Wannan ba ya nuna ko ƙarfin daidai yake, amma yana nuna ko na'urar tana fitar da wani abu. Abin da bai kamata ka ji ba shi ne zogi mai zurfi a ƙashi. Ƙashi yana mayar da wani ɓangare na sautin baya, yana shanye saura a tantaninsa na waje, wanda yake cike da jijiyoyin jin zafi, kuma wannan ne dalilin da ya sa ba a tsayar da ƙarfen wuri ɗaya ko kaɗan. Da ka ji irin wannan zogi ka yi magana nan take, domin alama ce ta cewa zafin ya wuce kima.

Duk wannan bayanin yadda take aiki ne, tambayar da ta fi shafar aljihunka ita ce ko tana warkarwa. Hanyar da ake bi a gane haka ita ce a raba majinyata gida biyu, a goga wa wasu na'ura mai aiki, a goga wa saura wadda aka kashe ba tare da sun sani ba, sannan a gwada sakamakon. An yi irin wannan gwaji sau da dama, kuma abin da ya fito bai yi wa na'urar daɗi ba. A targaɗen idon sawu, bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tattarawa da tace sakamakon binciken likitanci, ta yi a 2011 ba ta ga bambancin a zo a gani ba. Hukumar NICE, wadda ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a 2016 kada a yi amfani da ita ga ciwon baya, ta kuma faɗi haka a 2022 game da ciwon gaɓoɓi na zaizayar guringuntsi. Inda na'urar ta nuna abin kirki a kafaɗa shi ne wani gwaji da aka yi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, aka wallafa a 1999, a kan masu taruwar kalsiyam a jijiyar kafaɗa: taruwar ta fi narkewa a waɗanda aka yi wa da na'ura mai aiki, ko da yake bayan wata 9 bambancin zogi tsakanin ɓangarorin biyu ya dushe. Ka lura cewa minti 15 aka riƙa yi musu har sau 24, kuma wannan cuta ce daban da taka, wadda takan fito a hoton ƙashi. Game da ƙagewar kafaɗa kuwa, bitar da Cochrane ta yi a 2014 ba ta sami ƙwaƙƙwarar shaida ba cewa na'urar tana ƙara wani abu a kan motsa gaɓa.

Ni a ganina ba abin jefarwa ba ce, amma an ba ta matsayin da ya fi ƙarfinta. Tana da sauƙin aiki, ba ta gajiyar da ma'aikaci, kuma ana iya sallamar mutane da yawa da ita a safiya ɗaya. Mu ma majinyata muna da namu kason, domin mutum ya fi sakin jiki ya biya kuɗi idan ya ga na'ura da waya da fitila, fiye da idan an zauna da shi rabin awa ana koya masa yadda zai ɗaga hannunsa.

Abin da ka kwatanta ya yi kama da cutar da tantanin gaɓar kafaɗa yake kumbura, daga baya ya yi kauri ya tsuke, har gaɓar ta rasa filin juyawa. Babbar alamarta ita ce ko wani ne ya kama hannun ya juya shi waje ba zai tafi ba, alhali hoton ƙashi lafiya lau. Ta fi kama masu shekara 40 zuwa 60, tana samun kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na mutane, masu ciwon suga kuwa sun fi saura fuskantar ta kusan ninki 5, tasu kuma takan fi daɗewa. Masana suna danganta hakan da yadda suga mai yawa a jini yake manne wa zaren kolajin ya sa shi tauri. Takan fara da watannin zogi, musamman da dare, sannan zogin ya lafa ya bar ƙagewa, sannan gaɓar ta riƙa saki a hankali, kuma duka tafiyar takan ɗauki shekara 1 zuwa 3. Na faɗi haka ne don ka san cewa babu zuwa goma da zai gama da ita, ko a wane asibiti ne, kuma tun da zogin dare bai bar ka ba, da alama kana matakin farko ne.

Maƙerin da ya saka ƙarfe a wuta har ya yi ja, sannan ya ciro shi ya ajiye gefe bai buga ba, gawayi kawai ya ƙona. Ɗumin da na'urar take sakawa yana hucewa cikin 'yan mintuna, saboda haka idan ana son cin moriyarsa dole a fara miƙe gaɓar a lokacin ko da an ɗaga ƙarfen, ba bayan ka saka riga ka fita neman motar danfo ba. Zuwan da ya amsa sunansa yana farawa ne da auna iyakar inda hannun yake kaiwa ta kowace fuska, da ma'aunin kusurwa, a rubuta, domin a sami abin gwadawa nan gaba. Sannan likitan gashi ya kama gaɓar da hannunsa ya motsa ta daidai gwargwadon abin da za ta ɗauka, ya koya maka abin da za ka yi a gida, ya kuma duba a zuwa na gaba ko kana yin sa daidai. Gwargwadon yana da muhimmanci, domin a matakin zogi ja da ƙarfi yana ƙara hura kumburin ne, sai zogin ya lafa ake ƙara matsawa.

A wannan mataki da kake, abin da ya fi na'urar shaida wajen kwantar da zogi shi ne allurar sitiroyid, mai rage kumburi, da likita yake yi a cikin gaɓar, kuma ya dace ka tayar da maganarta. Sai dai tana ɗaga suga na wasu kwanaki, saboda haka ba a yin ta sai da sanin likitan da ke duba suganka, kuma za ka riƙa aunawa a kai a kai bayanta. Ka nemi a yi maka gwajin HbA1c, wanda yake nuna yadda suga ya kasance a wata 2 zuwa 3 da suka wuce. Ka kuma yi hattara da yawan shan diclofenac da ibuprofen ba da umarnin likita ba, domin suna taɓa ciki da ƙoda, ƙodar mai suga kuwa dama abar lallaɓawa ce. Haɗe-haɗen ƙwayoyin da ake tallarsu a ƙulle cikin leda a kasuwa da tasha ka bar su gaba ɗaya, tun da ba ka san abin da ke ciki ba.

Saura zuwa huɗu da ka riga ka biya, kada ka yi asarar su. Ka koma, ka nemi ganin likitan gashin da kansa, ka tambaye shi cikin mutunci sunan abin da yake damun ka, da wace hanya ake kunna na'urar da dalilin zaɓen ta, da motsin da za a haɗa maka da ita, da kuma abin da za a auna a gane ko ana ci gaba. Ƙwararre ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi. Kana kuma da damar tabbatar da cewa yana da lasisin hukumar MRTB, wadda aka kafa a 1988 domin rajistar masu wannan aiki a Najeriya. Idan bayan haka abin bai sauya ba, Legas ba ta rasa wuraren zuwa ba. Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Igbobi yana kan titin Ikorodu, hanya ɗaya ce daga Mile 12 a motar BRT, kuma a can ne aikin gashi na zamani ya fara a ƙasar nan a 1945. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) da ke Ikeja ya fi kusa da Agege, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba. Ka tafi da hoton ƙashinka da takardun suganka, ka yi sammako.

Ɗanka ya yi niyyar alheri, Allah ya yi masa albarka, amma ya riƙe kuɗinsa. Na'urar da aka sayo a intanet ko dai ba ta da ƙarfin da zai yi wani abu, ko tana da shi babu wanda ya san gwargwadonsa, kuma mutum ba ya iya gasa bayan kafaɗarsa da kansa yadda ya kamata. Abin da ya fi damu na shi ne idan ta shiga gida kowa sai ya gwada, alhali ba a ɗora ta a ciki ko ƙugu ko ƙasan bayan mai juna biyu, ko a ido, ko a al'aura, ko kusa da na'urar daidaita bugun zuciya, ko a jijiyar da jini ya daskare a ciki, ko a wurin da ke zubar jini ko ya ɗuri ruwa, ana kuma kauce wa ƙarshen ƙasusuwan yara da ba su gama girma ba. Ba a kuma ɗumama fatar da ba ta jin zafi sosai, ciwon suga kuwa yakan rage ji, musamman a ƙafafu, ta yadda mutum zai ƙone bai sani ba. Wannan gargaɗi ya shafi robar ruwan zafi ma: a naɗe ta da tawul, kada ta wuce minti 15 zuwa 20, kuma kada ka yi barci a kanta.

Ƙanenka kuwa ka gode masa, ka shaida masa cewa babu abin da ya karye ko ya goce da za a ɗora. Fizgar ƙagaggiyar kafaɗa da ƙarfi tana iya yaga jijiya ko karya ƙashin dantse, tsaga da ƙaho kuma suna buɗe ƙofar ciwon da ba ya saurin warkewa a jikin mai suga.

Kafin ka koma, ga abin da akan fara da shi a gida, sau 2 ko 3 a rana, bayan wanka da ruwan ɗumi idan ya samu. Ka dafa tebur da hannun hagu, ka sunkuya, ka saki na dama ya riƙa lilo gaba da baya da kuma zagaye, ba tare da ka ɗaure tsoka ba. Ka zauna ka ɗora tafin hannu a kan ƙyalle bisa tebur ka tura shi gaba a hankali, ka tsaya inda ka ji ja na kimanin sakan 15 zuwa 20, ka dawo. Ka kwanta rigingine ka riƙe sanda da hannu biyu, gwiwar hannun dama tana manne da haƙarƙari, ka tura da na hagu domin na daman ya buɗe waje kaɗan. Jan da ya lafa jim kaɗan bayan ka gama ba laifi ba ne, wanda ya bi ka har dare kuwa yana nufin ka rage. Wajen barci ka kwanta a gefen hagu ka rungume matashi, ko rigingine da matashi a ƙarƙashin hannun. A kasuwa ka bar wa yara ɗaga buhu, a mota kada ka kama ƙarfen sama da wannan hannu, domin birki ɗaya na iya mayar da kai baya, amma kada ka ɗaure hannun a ƙirji ka daina amfani da shi, saboda zaman banza yana ƙara masa ƙagewa.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Idan zogin kafaɗa ya zo tare da nauyin ƙirji ko gumi ko ƙarancin numfashi, ka tafi sashen gaggawa nan take, domin ciwon zuciya yakan zo wa mai suga a ɓoye. Haka kuma idan gaɓar ta kumbura ta yi ja da zazzaɓi, ko hannun ya mutu ya rasa ƙarfi, ko kana ramewa ba dalili, likita za ka gani kafin a ci gaba da kowane irin gashi.

Ka tsaya fuskantar bango, ka hau shi da yatsun hannun dama har inda suka tsaya, ka sa a yi alama da fensir a rubuta kwanan wata, ka riƙa maimaita haka duk mako 2. Idan bayan wata 3 na motsa gaɓa yadda ya kamata alamar ba ta matsa ba, kuma barci bai dawo ba, sai ka koma wurin likitan ƙashi a duba mataki na gaba, wanda ya haɗa da ɗura ruwa a gaɓar don buɗe tantanin, ko juya ta bayan an sa ka barci, ko sakin tantanin ta ƙaramar tiyata. Wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya a kan mutum 503, aka wallafa a 2020, ya gwada waɗannan biyun na ƙarshe da gashi mai tsari haɗe da allurar sitiroyid, kuma bayan wata 12 babu wanda ya yi wa saura fintinkau, sai dai tiyatar ta fi tsada ta kuma fi haɗari. Saboda haka idan an ce ka fara da gashi da allura, ba hanyar marasa ƙarfi aka tura ka ba.